TUDDAN BIRNIN LISBON: ABIN DA BAƘO YAKE GANI DA ABIN DA TARIHI YA TABBATAR

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce mu dubi birnin Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, ta fuskar abin da mai ziyara yake gani da idonsa, sa'an nan mu auna wannan gani da abin da tarihi ya tabbatar. Dalilin da ya sa muka ɗauki wannan hanya shi ne, mutane da yawa ba daga littattafai suke samun labarin ƙasashe ba, daga ziyara suke samunsa. Mutum ya je ya ga ganuwa da fada da mutum-mutumin sarakuna, ya komo gida yana cewa gani ya kori ji. To, amma Bahaushen da ya ce gani ya kori ji, shi ne kuma ya ce baƙo makahon gari ne.

Abin da muke son nunawa shi ne, da yawa daga cikin gine-ginen da baƙo yake ɗauka su ne mafi tsufa a Lisbon, masu mulki ne suka sake gina su daga baya don su ba da labarin da suke so a ji. Mutanen da aka ci da yaƙi kuwa, ko aka kora, ko aka bautar, galibi ba abin da ya rage nasu sai sunayen unguwanni da na tituna. Saboda haka a kowane wuri muka tsaya za mu yi tambaya uku: wa ya gina shi, yaushe aka gina shi, kuma mene ne a wurin kafin a gina shi? Za mu bi hanyar da muka bi da ƙafa lokacin da muka ziyarci birnin, watau daga tudun sansani mu gangara bakin kogi, mu nausa yamma zuwa Belem, sa'an nan mu komo tsakiyar gari.

2.0 YANAYIN BIRNIN

Birnin Lisbon yana gaɓar arewa ta Kogin Teju, daf da inda kogin yake faɗawa Tekun Atlantika. A daidai nan kogin ya yi faɗi har ya zama kamar babban tafki, jiragen ruwa suna samun mafaka a cikinsa daga haukan teku. Garin kansa yana bisa tuddai ne, da wani kwari da ya ratsa tsakiyarsu ya miƙe zuwa kogi. Mutanen garin sukan kira shi birni mai tudu bakwai. Wannan kirari ya bazu ne daga littafin da wani malamin Kirista mai suna Nicolau de Oliveira ya wallafa a 1620, kuma an zaɓi adadin bakwai don a kwatanta garin da birnin Rum. Wanda ya taka garin da ƙafarsa ya san tuddan sun fi haka yawa.

Rumawa sun mallaki garin suna kiransa Olisipo, har yanzu kuma akwai kufan gidan wasanninsu a gangaren tudun sansani, wanda aka gano a 1798. Abin lura a nan shi ne, a lokacin tsoro masu mulkin Lisbon sukan zauna a kan tudu, in an sami aminci da ciniki kuwa sai su sauko bakin ruwa. Wannan hawa da sauka shi ne zaren da za mu bi.

3.0 TUDUN SANSANI DA ZAMANIN MUSULMI

Wurin da kusan kowane baƙo yake fara nufa shi ne sansanin Sao Jorge, wanda yake kan tudun da ya tsaya bisa tsohon gari. Daga can mutum yana hangen jajayen rufin gidaje har zuwa kogi. Masu yi wa baƙi jagora sukan ce musu wannan sansanin Larabawa ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Musulmi sun ƙetaro daga Arewacin Afirka a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu ibn Ziyad, suka kama garin wajen 714, suka kira shi al-Ushbuna, suka kuma riƙe shi har 1147, watau sama da shekara 400. A zamaninsu ne aka ƙarfafa wannan tudu ya zama mazaunin hakimi da dakarunsa.

Sai dai kuma hasumiyoyi da zankwayen da baƙi suke ɗaukar hoto a gabansu, yawancinsu aikin 1938 zuwa 1940 ne. Kafin lokacin, wurin ya daɗe da zama barikin soja da gidan yari, gine-gine sun rufe tsohuwar ganuwa. Gwamnatin Salazar ce ta rushe su, ta sake ɗaga bangon bisa yadda take ganin ya kamata sansanin kakanni ya kasance. Ainihin abin da ya rage na Musulmi a kan tudun shi ne harsashin wasu gidaje na ƙarni na 11, waɗanda masu haƙar kayan tarihi suka tono a wata kusurwa tun daga shekarun 1990. Mun lura baƙi ba su cika daɗewa a wannan kusurwa ba, don kuwa ba ta da kwarjini a ido.

In aka gangaro kudu maso gabas sai a shiga unguwar Alfama, mai ƙananan lunguna da matakala, inda mutum biyu suke gogar kafaɗa in sun haɗu a wasu wurare. Sunan daga Larabci yake, watau al-hamma, maɓuɓɓugar ruwan zafi. Masanin labarin ƙasa al-Idrisi, a littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ wanda ya kammala a 1154, ya ambaci wannan ruwan zafi. Ya kuma kawo labarin wasu mutum takwas 'yan'uwan juna waɗanda suka tashi daga al-Ushbuna cikin jirgi don su ga iyakar Tekun Duhu, watau Atlantika, suka yi ta gararamba har suka ƙare a gaɓar Maroko wajen garin Asfi, kuma ya ce akwai wani titi a garin da ake kira da laƙabinsu. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, ya nuna cewa tunanin ratsa wannan teku yana zukatan mutanen garin kusan shekara 300 kafin jiragen Fotugal su fara bin gaɓar Afirka.

A 1147 ne Afonso Henriques, sarkin Fotugal na farko, ya sami taimakon wata rundunar mayaƙan Salibi daga Ingila da Falandas da Jamus, waɗanda suka yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Ƙudus. Suka yi wa garin ƙawanya daga farkon watan Yuli har ƙarshen Oktoba, kimanin mako 17, sai yunwa ta sa mutanen ciki suka sallama. Wani malamin Kirista da ke cikin rundunar ya rubuta labarin yaƙin, bai kuma ɓoye cewa wasu mayaƙan sun karya alkawarin da aka ƙulla ba, suka wawashe gari, har suka kashe tsohon limamin Kiristan da suka tarar yana zaune tare da Musulmi. A shekarar aka fara ginin babbar majami'ar garin, aka naɗa wani Bature ɗan Ingila, Gilbert na Hastings, ya shugabance ta. Haƙar da aka yi a harabarta ta fito da gine-ginen Rumawa, da na Musulmi a bisansu, majami'ar kuma a bisan duka.

Abin da bango ya kasa riƙewa, harshe ya riƙe. Fale-falen tangaram masu zane da aka lulluɓe bangayen Lisbon da su ana kiransu azulejo, daga Larabci az-zulaij. Unguwar Alcantara sunanta daga al-ƙanɗara ne, watau gada. Ofishin kwastan kuwa da harshen Fotugal sunansa alfandega, daga al-funduƙ, masaukin fatake, kuma wannan kalma ita ce ta ba unguwar Alfindiki ta birnin Kano sunanta. Mun tsaya a titin Alfandega na Lisbon muna mamakin yadda kalma ɗaya ta bi fatake ta ƙetare teku ta yi arewa, ta kuma ƙetare Sahara ta yi kudu.

4.0 MOURARIA: UNGUWAR WAƊANDA AKA CI

Bayan an ci garin, sai aka fitar da Musulmin da suka rage zuwa bayan ganuwa, a gangaren da ya ba kogi baya, nesa da tashar jiragen ruwa da cinikinta. Wannan ita ce unguwar Mouraria, watau unguwar Mouro, sunan da mutanen Fotugal suke kiran Musulmi da shi. A 1170 sarki ya ba su takardar amana, suna biyan haraji, suna da masallatansu da maƙabartarsu da shugaban da yake yi musu shari'a. Da yawansu maginan tukwane ne, har yanzu ma akwai titin da ake kira Olarias, watau matoyar tukwane. A haka suka zauna sama da shekara 300, har bayan Lisbon ta zama babban birnin ƙasar wajen 1255.

A watan Disamba na 1496 Sarki Manuel na Ɗaya ya ba da umurni Yahudawa da Musulmi su bar ƙasar. Musulmi an bar su sun fita, amma yawancin Yahudawa an hana su tafiya, aka tilasta musu shiga Kiristanci a 1497. Duwatsun kaburburansu duka aka kwashe aka sa a ginin babban asibitin garin. Filin babban masallacin Mouraria ya koma hannun majami'a, a 1542 kuma ya zama gidan 'yan ƙungiyar Jesuit. Su kuwa Yahudawan da aka tilasta wa sauya addini ba su tsira ba. A watan Afrilu na 1506 wata tarzoma ta tashi daga majami'ar Sao Domingos, aka kwana uku ana kashe su, mutum kimanin 2,000 suka halaka. Sai a 2008 aka kafa ɗan dutsen tunawa da su a dandalin majami'ar, watau bayan shekara 502.

A ƙasan Mouraria akwai wani babban dandali mai suna Martim Moniz. An same shi ne ta hanyar rushe wani sashe na tsohuwar unguwar a tsakiyar ƙarni na 20. Martim Moniz kuwa shi ne barden da almara ta ce ya cusa jikinsa a ƙofar sansani a 1147 don kada Musulmi su rufe ta. Abin sha'awa shi ne, tun daga ƙarshen ƙarni na 20 baƙi daga Bangaladash da Indiya da Pakistan da Sin da ƙasashen Afirka suka cika wannan yanki da kantuna da gidajen abinci, kuma an sha yin Sallar Idi a wannan dandali mai sunan barden. Babban masallacin Lisbon na wannan zamani a wata unguwa dabam yake. An buɗe shi a 1985, da himmar al'ummar da Musulmi 'yan Mozambik suka kafa a 1968.

5.0 BAKIN KOGI: DUKIYAR TEKU DA BAYI

A farkon ƙarni na 16 Sarki Manuel ya bar fadar kan tudu ya gina sabuwa a bakin kogi, kusa da rumbunan da ake sauke barkono da zinariya da hauren giwa. Wannan saukowa ita ce alamar cewa ƙarfin sarauta ya tashi daga ganuwa ya koma jirgin ruwa. Wanda yake son ganin abin da wannan dukiya ta gina sai ya nausa yamma kimanin kilomita 6 zuwa Belem, inda Vasco da Gama ya tashi ranar 8 ga Yuli, 1497, ya zagaye Afirka ya isa Indiya a 1498. A nan ne gidan ruhubanawa na Jeronimos yake, wanda aka fara ginawa a 1501 da harajin kashi 5 cikin 100 na cinikin Afirka da Gabas, da kuma hasumiyar Belem wadda aka fara a 1514. Hukumar UNESCO ta sa su biyun cikin kayan tarihin duniya a 1983. Ba mai musun kyan sassaƙar dutsen da ke cikinsu. Amma ya kamata a san asalin dukiyar. Alal misali, wata shahararriyar ma'ajiyar ibada ta zinariya da aka ƙera a 1506, wadda ake kira ta Belem, da miskali 1,500 na zinariya aka yi ta, wanda da Gama ya karɓo a matsayin gandu daga sarkin Kilwa, wani birnin Musulmi a gaɓar Tanzaniya ta yau.

Akwai wata hajar da ba a yi mata gini ba, watau mutane. A 1444 aka yi babbar kasuwar bayin Afirka ta farko a garin Lagos na kudancin Fotugal, inda aka raba mutum 235. A 1486 aka kafa Gidan Bayi a Lisbon don tattara harajin wannan ciniki, a 1512 kuma sarki ya ce duk bawan da za a shigo da shi ƙasar a Lisbon za a sauke shi. Wata ƙidaya da aka yi a 1551 ta nuna bayi 9,950 cikin mutum kimanin 100,000, watau kusan ɗaya cikin goma. Su ne masu dakon kaya a tasha, su ne masu tallan abinci, su ne masu ɗebo ruwa da kwashe ƙazanta su gangara da ita kogi. Wanda ya hau matakalar Alfama hannu rabbana ya ji yadda numfashinsa ya yi, ya san nauyin wannan aiki.

Ina alamarsu a yau? A gindin Alfama akwai tsohuwar mashaya da ake kira Mashayar Sarki, wadda a 1551 hukumar gari ta raba bututunta shida bisa launin fata da jinsi da matsayi. Can yamma akwai titin Poco dos Negros, watau Ramin Baƙaƙe, wanda masana da dama suke danganta sunansa da umurnin da Sarki Manuel ya bayar a 1515 cewa a haƙa rami a riƙa zuba gawarwakin bayi, domin ana yar da su a fili karnuka suna ci. Gaba kaɗan akwai unguwar Madragoa, wadda a da ake kira Mocambo, kalmar harshen Kimbundu na Angola, inda baƙaƙen fata 'yantattu suka zauna tun ƙarshen ƙarni na 16. A 2017 mazauna garin suka jefa ƙuri'ar amincewa a gina wurin tunawa da bayi a bakin kogi, amma har 2024 ba a gina shi ba, sai dai wasu alluna 20 da aka kakkafa a shekarar, da ƙoƙarin wata ƙungiyar 'yan asalin Afirka.

Wannan labari ya shafe mu. Barazil, wadda take ƙarƙashin sarautar Fotugal har 1822, ta karɓi bayin Afirka sama da miliyan 4. A farkon ƙarni na 19 an kai Hausawa masu yawa lardin Bahiya, kuma su ne suka jagoranci shirin tawayen 1807, suka kuma kasance kan gaba a tawayen 1809 da na 1814.

6.0 GIRGIZAR ƘASA TA 1755 DA SABON GARI

Baƙon da ya komo tsakiyar gari zai ga kwarin da ke tsakanin tuddai, wanda ake kira Baixa, ya bambanta da sauran unguwanni. Titunansa miƙaƙƙu ne, gidajensa kusan tsayi ɗaya, kamar an ja su da ma'auni. Dalili kuwa shi ne, da safiyar Asabar, 1 ga Nuwamba, 1755, ranar wani babban idin Kirista, majami'u cike da jama'a, ƙasa ta girgiza. Waɗanda suka tsira suka gudu bakin kogi inda fili yake, sai ga igiyar ruwa daga teku ta haɗiye su, sa'an nan gobara ta kama ta yi kwanaki tana ci. Dubban mutane suka mutu, ɓarnar kuma ta kai har garuruwan gaɓar Maroko. Fadar bakin kogi ta ƙone da ɗakin karatunta mai littafi kimanin 70,000, da yawancin takardun cinikin Afirka da Indiya. Wannan hasara ce ga duk mai nazarin tarihin Afirka. Sarki Jose na Ɗaya ya tsira domin yana Belem a ranar, amma tsoro bai bar shi ya sake zama a ginin dutse ba. A fadar katako ya zauna bisa tudun Ajuda har ya mutu a 1777.

Wazirinsa, wanda daga baya aka sani da sarautar Pombal, shi ne ya riƙe ragamar aiki. Injiniyoyin soja, Manuel da Maia da Eugenio dos Santos da Carlos Mardel, suka share kwarin duka suka zana sabon gari. A cikin kowane bango suka sa ƙirar katako mai kama da keji, don in ƙasa ta motsa ginin ya yi lilo kada ya rushe. Aka ba kowace sana'a titinta, har yau akwai titin Zinariya da na Azurfa da na Dukawa. Filin fada kuwa aka sake masa suna ya zama Dandalin Ciniki. A 1756 Pombal ya aika wa limaman ƙasar da tambayoyi a rubuce game da lokacin girgizar da tsawonta da yadda teku da rijiyoyi suka yi, abin da masana suke ƙidayawa cikin matakan farko na ilmin girgizar ƙasa.

A nan ma akwai gyara ga abin da ake faɗa wa baƙi. Akan ce Pombal ne ya hana bauta a 1761. Abin da ya hana shi ne shigo da sababbin bayi cikin Fotugal kanta. Shi ne kuma ya kafa kamfanoni biyu, a 1755 da 1759, waɗanda suka yi ta jigilar bayi daga Gini da Angola zuwa Barazil. Ba a soke bauta a ƙasashen da Fotugal take mulki ba sai a 1869.

7.0 ZAMANIN SALAZAR DA TUDUN CARMO

Mun riga mun ga hannun Salazar a sansani. Wannan mutum ya riƙe gwamnati daga 1932 zuwa 1968, kuma ya ɗauki tarihi a matsayin makami. A 1940 ya shirya babban baje koli a Belem don nuna girman daular Fotugal, har aka kawo mutane daga ƙasashen da ake mulka aka ajiye su cikin wani lambu ana kallonsu. Dogon ginin nan mai siffar goshin jirgi da ke bakin kogi, mai ɗauke da mutum-mutumin mutum 33, wanda baƙi da dama suke zaton sa'an hasumiyar Belem ne, don wannan biki aka fara yin sa da kayan wucin gadi, aka sake gina shi da siminti da dutse a 1960. Babbar taswirar da aka shimfiɗa a ƙasa a gabansa kuwa kyauta ce daga gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1961, yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a Angola, ya biyo a Gini Bisau a 1963, da Mozambik a 1964.

Shugabannin wannan gwagwarmaya da dama a Lisbon suka yi karatu. Amilcar Cabral ya karanta ilmin aikin gona a nan, Agostinho Neto kuwa a nan ya kammala karatun likita. Sun haɗu da takwarorinsu a Gidan Ɗaliban Daula, wanda aka kafa a 1944 don a sa musu ido, amma ya zama makarantar siyasarsu har aka rufe shi a 1965. An tsare Neto a 1960 a gidan yarin Aljube, daura da babbar majami'a, wanda shi ma sunansa daga Larabci yake, al-jubb, watau rijiya. A 2015 aka mai da shi gidan tarihi.

A kan tudun da ke yamma da Baixa akwai majami'ar Carmo, wadda aka kafa a 1389, girgizar ƙasa ta zubar da rufinta, har yau kuma ba rufin. A barikin da ke jikinta ne magajin Salazar, Marcelo Caetano, ya fake ranar 25 ga Afrilu, 1974, wani matashin hafsa mai suna Salgueiro Maia ya kewaye shi har ya miƙa wuya, jama'a suna cusa jajayen furanni a bakin bindigogin soja. Shi Maia ya yi yaƙi a Mozambik da Gini, haka ma da yawa daga cikin abokansa, kuma gajiya da yaƙin shekara 13 ce ta kai su ga juyin mulki. Ashe ke nan mayaƙan dazuzzukan Afirka suna da hannu a 'yancin da mutanen Lisbon suka samu. Gadar da aka buɗe a 1966 da sunan Salazar aka sake mata suna ta zama Gadar 25 ga Afrilu. Hedkwatar 'yan sandan ciki kuwa, inda aka harbe mutum huɗu a ranar, daga baya aka mai da ita gidajen masu hali.

8.0 TARAGO DA ABINCI DA WAƘA

Hatta abubuwan da baƙo yake more wa suna da tarihinsu. Ɗan kek ɗin nan mai madara da ƙwai da ake bin layi a saya a Belem, an fara sayar da shi a 1837, bayan gwamnati ta rufe gidajen ruhubanawa a 1834 mutanensu suka rasa abin yi. Daɓen baƙin dutse da fari mai zanen igiyar ruwa da ke dandalin Rossio, fursunoni ne daga sansanin Sao Jorge suka dasa shi a 1848 zuwa 1849. Waƙar fado mai ban tausayi, wadda UNESCO ta karrama a 2011, a lungunan talakawa na Mouraria da Alfama ta tashi a ƙarni na 19, cikin matuƙan jirgi da 'yan dako, kafin Amalia Rodrigues ta kai ta duniya.

Hawan tudu shi ya kawo taragon igiya na Lavra a 1884, da na Gloria a 1885, da na Bica a 1892, da taragon lantarki a 1901. Don ma'aikata da 'yan kasuwa aka yi su. Amma da muka shiga tarago mai lamba 28, wanda yake tashi daga Martim Moniz ya ratsa Graca da Alfama, mun tarar baƙi sun cika shi, tsofaffin unguwa suna tsaye a bakin hanya suna jiran na baya. Ranar 3 ga Satumba, 2025, taragon Gloria ya ƙwace ya bugi gini, mutum 16 suka mutu, yawancinsu 'yan ƙasashen waje. Ƙidayar 1981 ta nuna mutum sama da 800,000 a cikin birnin, ta 2021 kuwa kimanin 545,000. Gundumar da ta ƙunshi Alfama da Mouraria da Baixa ta rasa fiye da kashi 20 cikin 100 na mutanenta tsakanin 2011 da 2021, yayin da gidaje suka yi ta komawa masaukin baƙi. Watau shi kansa mai ziyara ya shiga jerin masu sauya mazauna tuddan nan.

9.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun bi Lisbon daga kan tudu zuwa bakin kogi, mun ga cewa sansanin da ake ce wa na Larabawa a 1940 aka kammala siffarsa ta yanzu, tsakiyar gari bayan 1755 aka zana ta, ginin tunawa da matuƙan jirgi kuwa na 1960 ne. Mun kuma ga cewa Musulmin da suka riƙe garin sama da shekara 400, da Yahudawan da aka tilasta, da bayin da suka kai ɗaya cikin goma na jama'arsa, sai an bi sunaye irin su Alfama da Mouraria da Mocambo da Ramin Baƙaƙe kafin a same su. Bisa ga haka, gani yana korar ji ne kawai in mai ganin ya san wanda ya gina abin da yake kallo, da lokacin da aka gina shi, da abin da aka kawar kafin a gina shi. Shawararmu ga ɗaliban tarihi ita ce su ɗauki sunayen unguwanni da na tituna a matsayin hujja, su tattara su, su auna su da rubutattun bayanai, a duk garin da suka sami kansu. Muna fata wannan ɗan ƙoƙari zai zaburar da wasu su zurfafa bincike, musamman a kan takardun da suka tsira a ma'ajiyar tarihi ta Torre do Tombo a Lisbon, waɗanda suka shafi gaɓar Afirka ta Yamma da mutanen da aka kwasa daga cikinta.